Hoton da Na Ɗauka da Bindigar Alhaji Bakur

A Khumra aka fara ajiye ni, can kudancin Jidda, inda babu abin kallo sai dogayen ɗakunan ajiyar kaya da garejin manyan motoci da masaukin leburori. Dillalin da ya yi mini hanya tun daga gida ya rantse mini cewa lambu zan je gadi, mai dabino da inabi, har da barewa tana yawo a ciki. Da na sauka na duba gabas na duba yamma, abin da ya fi kama da tsiro a wurin shi ne tsintsiyar da aka miƙo mini. Na tambayi direban da ya kawo ni ina lambun. Ya ce, "Yalla, yalla," ya ja motarsa ya bar ni da jaka a hannu.

Sunana Tanko, maharbi ɗan maharbi, na haura sittin. Karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, shi ma don ana raba sabulu ne na jure. Kuma kada in cika muku baki a kan farautar. Ban taɓa kayar da abin da ya fi gada girma ba, ita ma gadar da ɗingishinta na same ta. Amma dai na san daji, na san bindiga, na san ladabinta. Ladabin nan ne ya kusa sa a cusa ni a jirgi a mayar da ni gida kamar ƙunshin tsumma.

Zaman Khumra zaman haƙuri ne. Muna da yawa a ɗaki ɗaya, 'yan Bangaladash da wani Basudane mai minshari kamar injin niƙa. Na'urar sanyi tana ɗigo daidai kaina, in na matsa kuma in faɗa ƙafafun Basudanen. Abinci kullum gurasa da dafaffen wake, safe da yamma, har na fara zaɓar ƙarshen sahu a masallaci don tausayin jama'a. Amma ba wannan ya fi cin raina ba. Gari zai waye ba kukan zabo, ba na makwarwa, sai hankaki, su ma na nan ko farar riga irin ta namu ba su da ita. Wani lokaci in makanikai suna walda ƙauri ya taso, sai in rufe ido in ce albarushi ne, in tsaya ina shaƙa kamar wanda aljanu suka taɓa.

Abu ɗaya kowa ya koya mini tun ranar farko, shi ne iƙama, wato katin izinin zama. Basudanen ya nuna mini da hannu da baki cewa in ta faɗi, ka faɗi. Na ɗinka mata 'yar jaka a cikin singileti kamar laya. Da ita gidana yake ci, da ita kuma nake sa ran sauke farali, tunda ga ni dab da Makka amma ban yi Hajji ba tukuna.

Wata rana ina shara ina rera waƙar maharba ta garinmu, ina yi wa tsintsiya kirari don takaici, sai na ji an ce daga bayana, "Kai, ɗan wane gari ne ke zagin aikina da Hausa?"

Na juya na ga dattijo fari fat da furfura, da farar jallabiya, yana dogara sanda. Ashe shi ne mai wurin, shi ne kuma kafilina, wanda sunansa ke kan takarduna, ban taɓa ganin sa ba. Alhaji Bakur ke nan. A Jidda aka haife shi, ɗan ƙasa ne, amma kakansa daga ƙasar Hausa ya tako da ƙafa ya zo Hajji bai koma ba. Hausarsa irin ta tsofaffin da ce, sai dai tana tafiya tana tuntuɓe da Larabci.

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ba zagi ba ne, yabo ne."

Ya ce, "Ƙarya kake, wallahi, amma muryarka ta yi mini daɗi. Maharbi ne kai?"

Kafin sati ya zagayo ya sa an kwashe ni zuwa gidansa a Sa'alaba, na zama mai gadin ƙofa. Sa'alaba unguwa ce ta tsofaffin gidaje marasa tsayi, da lunguna, da 'yan kantuna, kuma in ka kasa kunne za ka tsinci Hausa a bakin mutanen da ba su taɓa ganin Kano ba. Ranar da na sauka matarsa ta aiko mini da tuwon shinkafa da miyar kuka. Na ci ina sharar hawaye, na ce wa mai kawowa barkono ne. Miyar kuwa ko ƙwayar barkono babu.

Da la'asar Alhaji yakan sa a shimfiɗa darduma a tsakar gida, ya kira ni in ba shi labarin daji. Ni kuwa ba na rowar labari, gadata mai ɗingishi sai da ta zama ɓauna. Rannan da daɗin hira ya kai shi, ya ja ni ɗakinsa ya buɗe wani akwatin ƙarfe da ke tsaye a bango. Ga ta nan a jingine, bindigar farauta mai baki biyu, ƙotarta tana sheƙi kamar an shafa mata man shanu. Ni da na saba da adaka, wadda maƙerin garinmu ke ƙerawa, wadda in ka harba ba ka san ta gaba za ta fita ko ta baya ba, sai na ji yawu ya taru a bakina.

Ya ce, "Da ido kawai, ya Tanko. Ni ɗan ƙasa ne, ina da lasisinta. Kai mai iƙama ne. Mai iƙama ba ya taɓa wannan, ko da ɗan yatsa. Ka ji?"

Na ce na ji, na ma mayar da hannuwana baya kamar ɗan makaranta.

Idon Alhaji ya yi yana, hannunsa kuma yana rawa, ya daɗe rabonsa da fita farauta. Ɗansa Majid, wanda ke riƙe da harkokin gidan, mutum ne mai kimanin arba'in, kullum cikin sauri, yana jin Hausa sarai amma in zai yi ta sai ka ce tsakuwa yake taunawa. Shi ya matsa cewa gida cike yake da jikoki, a sayar da bindigar. Alhaji ya yi ta ja, daga baya ya ce to. Na tambayi Majid wa zai saya, ɗan wane gida ne. Ya yi dariya ya nuna mini wayarsa.

"Suƙ yana nan, ya Amm Tanko. Kasuwa. Ka sa hoto, mutane su gani, halas, shi ke nan."

Ya buɗe mini wata kasuwar waya ta masu farauta. Jama'a, ban taɓa ganin wulaƙanci irin wannan ba. Bindigogi ne reras, an yasar da su kamar kifin da ya kwana. Wannan a kan zanen gado mai furanni, waccan kusa da farantin shinkafar da aka ci aka rage. Wani ma ya ɗauki hoton har da yatsun ƙafarsa a ciki, farce zaƙo-zaƙo. Ba ka ga fuskar mai sayarwa ba, ba ka ga ta mai saye ba. Kowa ya laƙaba wa kansa suna, wannan Damisar Sahara, wancan Uban Shaho.

A garinmu ba haka ake rabuwa da bindiga ba. Na ga ranar da babana ya sayar da tasa. Mai saye da wansa ya zo, aka zauna, aka fasa goro, Sarkin Baka yana wurin. Kafin a ambaci ciniki sai da aka tambayi wanene ubansa, yana da zafin zuciya ko babu, yana da rigimar iyakar gona da wani, yaya zamansa da iyalinsa. In an ji ɗan tsami a amsarsa, sai a ce masa ai an fasa sayarwa, ya sha ruwa ya tafi. In kuma an yarda, mai bindiga zai miƙe tsaye ya riƙe ta a jikinsa, bakinta yana kallon sama, a ga tsawonta a jikin namiji. Ba a taɓa nuna ta a kwance. Bindigar da ake shimfiɗewa a tabarma a taru a kanta ita ce ta mamaci, ranar rabon gado.

To, ran nan da azahar, Alhaji yana barcin rana, Majid ya kira ni in ɗaga masa labule don haske ya shigo. Ina shiga falo na ga ya ɗauko bindigar ya shimfiɗe ta a kan darduma, ya tsaya a kanta da waya. Mai ita yana ɗaki na kusa, ina jin numfashinsa, ga ɗansa na cikinsa ya shimfiɗe masa bindiga.

Na ce, "Majid, ɗaga ta! Mahaifinka da ransa!"

Ya ce, "Esh? Me ya faru?"

"Ba a kwantar da ita in mai ita yana raye. Fatan mutuwa kake yi masa?"

"La ilaha illallah. Ya Ammi, hoto ne bas, hoto kawai. To wa zai riƙe? Baba hannu yana rawa, ni ina da waya."

Na san abin da Alhaji ya gaya mini. Ban manta ba, kada wani ya ce tsufa ne. Amma ga tsoron abin da na taso ina gani, ga kuma, in faɗi gaskiya, ƙaiƙayin da tafin hannuna ke yi tun ranar da na fara ganin ta. Na ce, "Kawo." Majid ya duba ya tabbatar babu harsashi, ya ce zai yanke ni daga hoton, bindigar kaɗai za ta fito. Na ɗauke ta na miƙe. Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Sai da na gyara hula ta karkace, na turo ƙirji, na ɗaure fuska kamar wanda ya dawo daga kashe zaki. Har cewa na yi ya ƙara ɗaya ta gefen dama, nan ne haƙorana suka fi cika.

Majid ya zuba hotunan a kasuwa gaba ɗaya, wayarsa ta yi ƙara, ya fita da sauri. Yankewar da bai yi ba ke nan.

Akwai wani maƙwabcinmu ɗan Zariya, Injiniya Sanusi, yana aikin kwangila a wani kamfanin ruwa. Mutumin kirki ne, shi ke taimaka mini in zan kira gida. Washegari da yamma na roƙe shi ya buɗe kasuwar ya karanta mini abin da ake cewa, don ina son in ji irin mutanen da ke neman bindigar Alhaji. Ya fara da abin da Majid ya rubuta a sama: mai lasisi kaɗai, a gaban hukuma za a mayar da ita sunan mai saye, wanda ba da gaske yake ba kada ya kira, kuma don Allah kada a kushe kaya. Na ce madalla, ashe suna da ladabi.

Injiniya ya ce, "Baba, tsaya ka ji ladabin."

Na farko ya tambayi farashin ƙarshe, alhali ga shi a rubuce a gaban hancinsa. Na biyu ma haka. Wani ya taya da abin da ba zai sayi buhun shinkafa ba, ya ce ma taimako ne yake yi. Wani ya ce a yi musaya da tantabaru da tsohon janareta. Wani ya ce tsohuwa ce, ta kakansa ta fi ta, bai kuma ce zai saya ba, ya zo ne kawai ya zubar da wannan ya wuce. Wani ya rantse da Allah yana hanya bayan la'asar, Majid ya bar aikinsa ya jira shi, har yau bai iso ba. Babu sallama, babu gaisuwa, babu wanda ya tambayi lafiyar mai ita. Abin da ke iya raba mutum da ransa ake ciniki, amma ko mai sayen kaza a kasuwar ƙauyenmu ya fi su kunya.

Sai Injiniya ya matso da wayar kusa da idonsa.

"Baba, wani yana tambaya, tsohon yana cikin cinikin ko daban ake sayar da shi?"

"Wane tsoho?"

Ya juyo mini da wayar. Ga ni nan tsaye, hula a karkace, ƙirji a gaba, bindiga a hannu, duk duniya tana kallo. A ƙasa an yi ta zuba dariya. Wani ya ce a ba shi tsohon ya tsorata ɓarayi, bindigar a bar ta.

Injiniya bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba, wannan serious ne fa. Kai baƙo ne. In hukuma ta ga wannan, ba iƙama kaɗai ba, sai an tsare ka kafin a kore ka, kuma ba za ka sake shigowa ba. Kira Majid yanzu."

Majid ya goge hoton yana ta salati. Muka ce Allah ya rufa asiri. Na kwana biyu ina jin ko motar shara ta tsaya a ƙofa sai in zaci 'yan sanda ne.

Ana nan sai wani ya kira Majid, ya ce sunansa Abu Nawaf. Wannan ya yi sallama, ya gaishe da iyali, bai kushe ba, bai ja ciniki ba. Majid ya ce a ƙarshe ga ɗan mutunci. Suka yi alkawarin haɗuwa a wani gidan mai a hanyar Khumra, su yi magana tukuna, ba tare da bindigar ba. Ni kuma an tafi da ni ne don in taya loda wasu kwalaye a wurin ajiyar kaya.

Mutumin ya fito daga wata doguwar mota, jallabiyarsa fara har tana kashe ido, turarensa ya riga shi isowa. Yana gani na ya buɗe hannuwa kamar ya ga kawunsa da ya ɓata. Ya sumbaci goshina yana "Ya Ammi, ya Ammi," wato kawuna. Ni kuwa sakarai har na ji daɗi, na ce a raina ashe akwai 'ya'yan tarbiyya a wayar nan. Ya sayo mana shayi da hannunsa.

Larabcina na gadi ne, amma na iya karanta fuska. Na ga Majid yana murmushi, na ga murmushin ya tsaya, na ga ya fara girgiza kai yana "La, la." Mutumin bai ɗaga murya ba. Ya zaro waya a hankali, ya shafa ta, ya ajiye a kan bonet. Hotona ne, ashe ya adana shi tun kafin Majid ya goge. Ya nuna ni da ɗan yatsa, da fara'arsa, ya faɗi kalma ɗaya da ko a barci na san ta: iƙama.

A mota Majid ya fassara mini, yana dukan sitiyari. Mutumin ba shi da lasisi, ya ce harkar ofis tana da tsawo. Yana so a sa masa bindigar a bayan mota, babu hukuma babu takarda. In an ƙi, zai kai hotona inda ya dace, a matsayinsa na ɗan ƙasa nagari. Ya ba mu zuwa bayan Juma'a.

Na tofar da yawu ta taga, na goge goshina da hannun riga inda ya sumbata, na sake gogewa. Na sha ganin macuta, dillalin lambu ma ai macuci ne, amma shi bai kira ni kawu ba.

Majid ya ce, "Hanya biyu, ya Ammi. Ko mu ba shi, ko in yi maka takardar fita ta ƙarshe, ka tafi gida kafin Juma'a. Ni ba zan ba shi ba. In ya yi wani abu da ita, sunan Baba ne a kai."

Gaskiya ya faɗa. Na dafe ƙirjina inda iƙamar take har muka isa Sa'alaba. Ina ta tunanin yadda zan sauka a garinmu, ba Hajji, ba tsaraba, a tambaye ni me ya faru in ce hoto na ɗauka.

Majid ya so a ɓoye wa Alhaji. Ni na ƙi. Bayan la'asar na same shi a kan dardumarsa, na zauna nesa da inda na saba zama, na kwashe komai na gaya masa. Ya saurara bai katse ni ba.

Ya ce, "Ban ce maka ko da ɗan yatsa ba?"

"Ka ce, ranka ya daɗe."

"To me ya kai ka?"

Na gaya masa yadda na tarar da ita a shimfiɗe, da abin da hakan yake nufi a wurinmu. Ya sunkuyar da kai, na zaci fushi ya yi. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake yi, har da tari, sai da na miƙa masa ruwa.

"Wato don kada in mutu, shi ne ka nemi ka kashe mu duka."

"Kuskure ne, Alhaji."

"Jakanci ne, ba kuskure ba. Kai da Majid duka, jaki biyu a turke ɗaya." Ya share ido da gefen mayafinsa. Ya kira ɗansa, ya ce masa, "Ba za a ba wancan ɗan iskan ba. Tanko kuma ba inda za shi. Gobe da safe ka ɗauko ta a akwatinta, da lasisin. Mu za mu riga shi zuwa."

Majid ya ce, "Ya Baba, in mun je da kanmu za su iya riƙe shi. Za su iya karɓe ta ma."

"Ai kai musu ita za mu yi. Na fasa sayarwa."

Washegari muka tafi ofishin hukumar da ke kula da lasisin makamai. Majid yana ɗauke da akwatin, ni ina bayansu, hannuwana a cikin aljihu don kada ma wani ya yi zaton wani abu. A ƙofa aka karɓi akwatin, aka karɓi iƙamata. Da na ga ta shige aljihun wani, sai na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa.

Aka zaunar da ni a benci, aka shiga da su. Na daɗe a nan har aka yi azahar. Wani ɗan sanda mai ƙiba ya wuce ya dawo, ya ga leɓena ya bushe, ya ajiye mini robar ruwa da dabino ya tafi. Allah ya saka masa, ban san sunansa ba.

Daga baya aka kira ni. Jami'in matashi ne, bai kai Majid ba, ga hotona a gabansa, Majid ya nuna masa da kansa tare da saƙonnin Abu Nawaf. Alhaji ne ya yi mana tafinta. Ka harba? A'a. Da harsashi a ciki? Babu. Ka taɓa fita da ita? Ko ƙofar falo ban kai ta ba. To don me ka ɗauka? Nan Alhaji ya karɓi maganar ya yi ta bayani da Larabci, yana nuna ƙasa, yana nuna kansa. Jami'in ya kalli hoton, ya kalle ni, ya sake kallon hoton. Ya sa hannu ya rufe bakinsa kamar mai gyaran gashin baki. Sannan ya yi tambaya ɗaya.

Alhaji ya ce, "Yana tambaya, turo ƙirjin ma al'ada ce?"

Na ce, "Gaya masa wannan ƙari ne daga wurina."

Bai sake ni nan take ba. Ya fita ya dawo da wani babba, suka yi wa Majid faɗan da ban ji kalmominsa ba amma na ga kunnuwansa. Aka ɗauki hoton yatsuna, aka sa na yi alkawari a rubuce cewa ba zan ƙara ba. Alhaji ya sa hannu ya tsaya mini, ya kuma sa hannu ya sallama musu bindigar kyauta, aka soke lasisin. Abin da ya sami Abu Nawaf ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Bai dai ƙara kira ba.

Can jami'in ya turo iƙamar a kan tebur da ɗan yatsa. Na ɗauka da hannu biyu.

A baranda Majid ya ce mini, ba tare da ya kalle ni ba, in tattara kayana, daga gobe zan koma gadin wani ɗakin ajiyarsu a Waziriyya, shi ba zai iya gani na a gidan kullum ba. Alhaji bai hana ba, ni ma ban ga laifinsa ba. Can nake har yau, ba tuwo, ba hirar la'asar. Majid ya wuce ɗauko mota ya bar mu a saman matakala.

Alhaji ya tsaya yana fuskantar ƙofar da aka shiga da akwatin, ko da yake na san ba ganin ta yake ba. Bindigar nan tun yana saurayi take hannunsa.

Na ce, "Alhaji, ka yafe mini. Na jawo maka asara."

Ya ce, "Ya Tanko, tsakaninka da Allah. Ɓaunar nan da kake ba ni labari."

"Gada ce, ranka ya daɗe."

"Na sani. Ni ma duk shekarun nan da nake fita da waccan, tsuntsayen da na samu ba za su cika tukunya ba. Shayi nake zuwa sha a sahara." Ya miƙo mini hannunsa mai rawa. "Yalla, riƙe ni, ba na ganin matakalar nan. Wannan dai an yarda mai iƙama ya taɓa."

Na riƙe shi muka sauka a hankali.